Yadda ake yi wa mai ciwon sitaf allurar Cloxacillin, daga awo har zuwa sallama

Ƙannenmu sababbin nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci sun sha tambayata kan allurar Cloxacillin, wadda muke ce wa kuloksa a ɗakin jinya: nawa ake bayarwa, da me ake haɗawa, kuma me ya sa wani majinyacin ake ta yi masa amma zazzaɓin ya ƙi sauka? A shekarun da na yi a ɗakin yara da na tiyata, abin da na gani shi ne ba kasafai laifin yake na maganin ba. Ko dai an bayar da kaɗan, ko an tsallake lokaci, ko kuma an bar mugunya kwance a ciki. Wannan bayani na ma'aikatan lafiya ne da ke aiki da rubutun likita. Ba allurar da mutum zai saya a kemis a yi masa a gida ba ce. Duk abin da na faɗa kan kuloksa ya shafi 'yar'uwarta Flucloxacillin, sai inda na bambanta.

1. Ku tabbata aikinta ne

Kuloksa dangin fenisilin ce, amma an yi ta ne yadda za ta jure sinadarin da ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, wadda muke ce wa sitaf, ke fitarwa tana lalata fenisilin ta yau da kullum da Ampicillin da Amoxicillin. Don haka wurin aikinta shi ne inda ake zargin sitaf: fata ta kumbura ta yi ja da zafi tana yaɗuwa, ƙurjin cikin tsoka irin wanda muke yawan gani a cinyar yara da samari, ciwon ƙashi, gaɓa ta tara mugunya, nimoniyar da ta biyo bayan ƙyanda ko ta tara ruwa a ƙirji, cibiyar jariri ta yi ja tana ɗoyi, nonon mai jego ya yi ƙurji, ko cutar ta shiga jini.

Ba ta taɓa ƙwayoyin cutar hanji da na mafitsara, ba ta yi wa taifot komai. Kuma ba ta aiki a kan nau'in sitaf ɗin nan mai taurin kai da ake kira MRSA, komai yawan da aka zuba.

Gargaɗi: yaro mai sikila da ya zo da ciwon ƙashi, kada a tsaya kan kuloksa kaɗai. A wurinsu wata ƙwayar cuta mai suna Salmonella na yawan zama sanadi, ita kuwa kuloksa ba ta san da zamanta ba. Ku tuna wa likita cewa yaron mai sikila ne, ko da yana rubuce a kati.

Wani abu da ke damuna: matan da ke zuwa da takardar gwajin fitsari ko na gaba, an rubuta sitaf, wani ya ce musu ciwon sanyi ne sai an yi allura goma. Sitaf na zaune a fata da hancin masu lafiya da yawa, kuma yana shiga samfur idan ba a ɗiba da tsabta ba. Takarda kaɗai ba dalilin allura ba ce. A duba mutum.

2. Tambayar fenisilin

Kafin ku buɗe kwalba, ku zauna ku yi tambaya da Hausar da za a gane. Idan kun ce "kina da alaji?" za a ce muku a'a. Ni ga yadda nake yi: "Mama, an taɓa ba shi Ampiclox ko Amoxil, jikinsa ya yi borin jini, ko fuska da leɓe suka kumbura, ko numfashi ya sarƙe?" Sai ku ji labari ya fito.

Idan ya taɓa yin kumburin fuska, sarƙewar numfashi, suma, ko fata ta saɓule bayan fenisilin, kuloksa ta haramta gare shi. A koma wa likita ya sauya, galibi zuwa Clindamycin ko Vancomycin. Idan kuwa ɗan tashin zuciya ne ko zawo, wannan ba ƙin magani ba ne. Ku kuma tambayi ko ya taɓa yin shawara bayan shan wannan magani, don wanda Flucloxacillin ta taɓa taɓa masa hanta ba a sake ba shi. Ku tambayi ciwon ƙoda, ciwon hanta, da magungunan da yake sha, musamman Warfarin da Methotrexate. Mai ciki da mai shayarwa ana ba su.

Gargaɗi: ɗan gwajin nan da muka gada, a tsikara kaɗan a jira minti goma, ba ya wanke kowa. Mutum na iya tsallake shi lafiya ya faɗi a cikakkiyar allurar, wani kuma ɗan kaɗan ɗin ne zai kayar da shi. Abin dogaro shi ne tambaya mai kyau da adirenalin, allurar ceton wanda jikinsa ya ƙi magani, a kusa.

3. A ɗebi samfur, a fitar da mugunya

Idan asibitinku na da ɗakin gwajin da ke shuka ƙwayar cuta, a ɗebi jini da mugunya kafin allurar farko. Bayan an fara magani ƙwayar na iya ƙin tsirowa, sai ku yi mako biyu kuna lalube cikin duhu. Amma majinyacin da jikinsa ya yi tsanani ba a jinkirta masa magani don jiran mai ɗibar jini ya dawo daga salla ko kasuwa. A ɗiba nan take a fara.

Inda mugunya ta taru, wuƙa ce magani na farko. Jini ba ya ratsa tsakiyar ƙurji, don haka allura ba ta kai wa can. Iyaye kan roƙa: "Sista, a yi masa allurar dai, kada a tsaga." Nakan ce: "Baba, ko allura ɗari aka yi, muddin ruwan nan na ciki zazzaɓin ba zai sauka ba, kuɗinka ne kawai zai ƙare." Yawancinsu a nan suke yarda.

4. Awo da lissafi

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai.

A ɗora yaro a sikeli. Kada a ƙiyasta da ido, kada a yi lissafi da shekaru, domin ɗan shekara biyar mai tamowa na iya zama da nauyin ɗan shekara biyu.

Babba mai ciwo mai tsanani, kamar na ƙashi, gaɓa ko tsoka: giram 2 ta jijiya duk bayan awa 6, wato giram 8 a yini. Idan cutar ta kama bawul ɗin zuciya ana kai wa giram 12 a yini, giram 2 duk bayan awa 4.

Yaro daga wata ɗaya zuwa sama: miligiram 50 a kowane kilo, duk bayan awa 6, ga ciwon ƙashi, gaɓa da nimoniyar sitaf. Haka yake a littafin kula da yara a asibiti na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugun 2013. Ga ciwon fata da bai yi tsanani ba likita kan rubuta miligiram 25 a kilo. Kada allura ɗaya ta wuce giram 2, wato yaron da ya kai kilo 40 ya shiga awon manya.

Jariri: miligiram 25 zuwa 50 a kilo, amma tazarar ta bambanta saboda ƙodarsa ba ta gama ƙwari ba. A makon farko duk bayan awa 12, daga mako na biyu zuwa na huɗu duk bayan awa 8.

Misali: yaro mai kilo 12 da ciwon ƙashi, 12 sau 50 ya ba da miligiram 600 a kowace allura, sau huɗu a yini. Jariri ɗan kwana biyar mai kilo 3 da ciwon cibiya, idan an rubuta 50 a kilo, miligiram 150 ke nan, safe da dare. Ku sa abokin aiki ya sake lissafin da kansa ba tare da ya ga naku ba.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagora: Ampiclox ba kuloksa ba ce. Kwalbar da aka rubuta 500 a jikinta, 250 Ampicillin ne, 250 kacal ne Cloxacillin, kuma rabin nan na Ampicillin sitaf ya riga ya fi ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wannan haɗin cikin waɗanda ba ta ba da shawarar amfani da su. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami ina sabuwar ma'aikaciya. An kawo wani yaro ɗan shekara bakwai da cinya ta kumbura kamar tulu, aka tsaga, likita ya rubuta kuloksa. Mahaifinsa ya zagaya bai samu ba, mai kemis ya ba shi Ampiclox ya ce duk ɗaya ne, ni kuma na karɓa na yi lissafi da lambar da ke jikin kwalba. Kwana uku yaron na samun rabin maganinsa, jikinsa kamar garwashi, uwarsa na zaune tana jiƙa tsumma tana goga masa. Wata babbar sista ce ta ɗaga kwalbar da ke cikin kwandon shara ta nuna mini ba tare da ta ce uffan ba. Da aka samo ta gaskiya, kwana biyu ya tashi zaune yana neman koko. Har yau ba na zuƙar magani sai na karanta ƙananan rubutun.

Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, likita ne zai rage awon ko ya ƙara tazara.

5. Kayan aiki da maganar kuɗi

A tire: kwalaben magani, ruwan haɗa allura, sirinji mai mil 10 ko 20, wani sirinjin na wanke kanula (robar da ake sa wa a jijiya don tura magani), nomal salayin (ruwan gishiri na ƙarin ruwa), auduga da sifirit, safar hannu, filasta, da kwalin zubar da tsinin allura. Adirenalin a duba shi da ido, a tabbata bai gama aiki ba. Kada ku yarda da "yana cikin kabad" alhali makullin na aljihun wanda ya tashi aiki.

A kowace kwalba ku duba suna, ƙarfi, ranar ƙarewa da lambar NAFDAC. Garin ya zama fari busasshe. Idan ya dunƙule, ya yi danshi ko ya sauya launi, a mayar. Ana ajiye ta ƙasa da digiri 25, abin da ke da wuya a watan Afrilu, don haka kada a bar ledar magani a bakin taga.

Farashi na hawa kullum, shi ya sa nake yi wa dangi lissafi da kwalba. Yawanci mai miligiram 500 ake samu. Babba mai giram 2 sau huɗu na cin kwalba 16 a yini, 112 a mako, 224 a mako biyu. Yaron nan mai kilo 12 kwalba biyu za a buɗe masa kowane lokaci, 8 a yini. A ƙara ruwan haɗi, sirinji da kanula. Ku faɗa musu wannan tun ranar farko, a fili. Idan ba haka ba, maigida zai kawo kwalba huɗu yana zaton ya gama, sai dare ya raba a ga babu, a fara ragewa a ɓoye don ya kai safe. Gara a san ƙarfinsu tun farko, likita ya nemi wata hanyar da za su iya ɗauka, da a yi ta ba da rabi-rabi.

6. Haɗawa

Ku wanke hannu, ku goge robar kwalba da sifirit, ku bari ta bushe. Ku zuba ruwan allura mil 5 a kwalbar 500, ku juya ta a hankali har garin ya narke tas, ba ko ɗigon gari. Ku zuƙe duka a sirinji, sannan ku ƙara ruwa har ya kai daidai layin mil 10. Yanzu kowane mil ɗaya na ɗauke da miligiram 50.

Amfanin wannan haɗi shi ne idan awon 50 a kilo ne, mil ɗaya ke nan ga kowane kilo. Mai kilo 12 mil 12, jariri mai kilo 3 mil 3. Da ƙarfe goma sha biyun dare, ido na lumshewa, wannan sauƙin na ceton rai. Abin da ya sa na ce a cika a sirinji, garin kansa na cin wuri, don haka idan kun zuba mil 10 kai tsaye a kwalba abin da zai fito ya ɗan ɗara 10.

Ga babba, a narka kwalba huɗu a zuba cikin nomal salayin mil 100.

Gargaɗi: a haɗa a yi amfani da ita nan take. Ragowar da ke cikin kwalba ba a ajiye ta a aljihun tebur don allurar gaba. Kuma kada a juye maganin yini guda cikin ledar ruwa ta rabin lita a bar ta rataye cikin zafi, don fenisilin na lalacewa idan ya daɗe a narke.

7. Turawa

Ta jijiya ake so. Ku duba kanula tukuna: ja, kumburi, zafi, ko filasta ta jiƙe? Ku tura salayin kaɗan ku gani ko tana tafiya ba tare da majinyaci ya yamutsa fuska ba. Ƙaramin awo a tura a hankali cikin minti 3 zuwa 5, da agogo a gabanku. Giram 2 na babba a bar shi ya sauka cikin minti 30 zuwa 60. Da igiyar ƙarin ruwa mai ɗigo 20 a mil, mil 100 cikin awa ɗaya kusan ɗigo 33 ne a minti. Bayan an gama a sake wanke kanula.

Kuloksa na cin jijiya. Idan aka yi ta da kauri ko da sauri, kwana biyu hannu ya yi ja ya taurare kamar igiya. A nemi jijiya mai girma, a tsinka maganin sosai, kuma da zarar wuri ya fara ja a cire a sauya. Majinyaci ya ce yana masa zafi, ku tsaya ku duba, kada ku ce ya yi haƙuri.

Ta tsoka sai in jijiya ta gagara, kuma ƙaramin awo kawai: kwalbar 500 da ruwa mil 2, a yi can ciki. Tana da zafi ƙwarai. Ƙananan yara a gefen cinya ta waje ake yi musu, ba a ɗuwawu ba, don gudun taɓa babbar jijiyar ƙafa.

Gargaɗi: sau da yawa ana rubuta ta tare da maganin kashe ƙwayar cuta Gentamicin, wanda ga yara miligiram 7.5 ne a kilo sau ɗaya a yini. Kada a haɗa su a sirinji ɗaya ko leda ɗaya, domin fenisilin na kashe ƙarfin Gentamicin. A ba da ɗaya, a wanke kanula sosai, sannan ɗayan.

8. Rabin awar farko

Bayan allurar farko kada ku yi nisa. Ƙaiƙayi a duk jiki, borin jini, kumburin leɓe, shaƙewar murya, numfashi da ƙara, zufa mai sanyi, ko majinyaci ya ce duniya na juya masa: a tsayar da magani, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, a kira taimako, a yi adirenalin mai ƙarfin miligiram 1 a mil ta tsokar gefen cinya. Babba mil 0.5, ɗan shekara 6 zuwa 12 mil 0.3, ƙasa da shekara 6 mil 0.15. In babu sauƙi a maimaita bayan minti 5. A sa iskar oksijin, a buɗe ruwa. Hydrocortisone da Piriton ba sa maye gurbin adirenalin, kuma lokacin da ake ɓatawa wajen nemansu ne ke kashe mutum. Bayan ya farfaɗo a rubuta da jan biro a bangon fayil, a kuma faɗa wa danginsa sunan maganin.

9. Riƙe agogo

Kuloksa ba ta daɗewa a jini. Cikin abin da bai fi awa ɗaya ba rabinta ya fita, kuma ƙarfinta na cikin daɗewar da take yi tana nan, ba cikin yawan da aka zuba lokaci guda ba. Don haka ba a haɗe allura biyu a yi lokaci ɗaya don a huta. Shida na safe, sha biyun rana, shida na yamma, sha biyun dare. Ta tsakar dare ce ke yawan salwanta: kanula ta toshe, ba wuta, nas ɗaya ce da gado talatin, sai a ce a bari sai da safe. Awa goma sha biyu ke nan ƙwayar cuta na hutawa. Abin da nake yi, ina duba kanular duk masu kuloksa tun da yamma da sauran haske, in sauya wadda nake shakka. Nakan kuma ce wa mai jinya: "Inna, sha biyun dare in ba ki gan ni ba, ki zo ki kira ni, ba zan ji haushi ba." Idan an makara, a yi da zarar an tuna, a rubuta ainihin lokacin, kada a sa hannu kan abin da ba a yi ba.

10. Dubawa a kwana na biyu da na uku

Tun ranar farko ku zagaye gefen jan fatar da biro, ku rubuta kwanan wata. Bayan awa 48 zuwa 72 ya kamata zazzaɓi ya fara sauka, jan ya ja baya daga layin, yaro ya fara karɓar abinci. In ba haka ba, ku bi da tsari: akwai sauran mugunya a wani lungu? Awon daidai ne, kuma kuloksa ce ta gaskiya? An tsallake allura? Kanular ce da kanta ta zama ciwo? Sai bayan nan a yi zancen MRSA ko wata ƙwayar, a bi sakamakon gwaji.

Wanda zai wuce mako yana karɓa, a riƙa yi masa gwajin ƙwayoyin jini, na ƙoda da gishirin jiki, da na hanta kowane mako, don babban awo na iya rage fararen ƙwayoyin jini da sinadarin fotasiyam, ko ya taɓa ƙoda. Jariri mai shawara a sa masa ido sosai. Zawo mai yawa ko mai jini a sanar da likita.

Gargaɗi kan Flucloxacillin: idan aka daɗe ana haɗa ta da farasitamol a kai a kai ga tsoho, mai tamowa ko mai ciwon ƙoda, jini na iya yin tsami. Alamar ita ce numfashi mai zurfi da sauri alhali ƙirji lafiya lau.

11. Komawa ƙwaya da sallama

Likita ne ke yanke wannan, amma ku san ma'aunin don ku yi wa dangi bayani. Nimoniyar sitaf ga yaro aƙalla kwana 7 na allura, sannan a ci gaba da na sha har a cika mako 3. Gaɓa mai mugunya mako 3 gaba ɗaya, ciwon ƙashi wajen mako 5. Idan gwaji ya nuna sitaf a cikin jini, aƙalla kwana 14 na allura ko da mutum ya warware a kwana na huɗu, domin ƙwayar kan maƙale a zuciya ko ƙashin baya ta dawo daga baya. Na bawul ɗin zuciya mako 4 zuwa 6 ne.

Ƙwayar kuloksa ga babba miligiram 500 zuwa giram 1 ce sau huɗu a yini, yaro kuma gwargwadon nauyinsa. Abinci na hana ta shiga jiki, don haka awa ɗaya kafin cin abinci ko awa biyu bayansa, da ruwa cike da kofi. Kada ku ce "sau huɗu" ku yi shiru, ku ɗaura musu a kan abin da suka sani: da asuba kafin karin kumallo, kafin abincin rana, da yamma kafin tuwon dare, sai lokacin kwanciya.

Ranar sallama ku cire kanula da hannunku, kada a tafi da ita gida da sunan wani maƙwabci zai ƙarasa allurar. Ku rubuta ranar dawowa wankin ciwo. Sannan ku faɗa musu cewa idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko jiki ya kama ƙaiƙayi, su dawo asibiti da katin, ko da an yi wata biyu da gama maganin, domin shawarar da Flucloxacillin ke jawowa takan makara haka, musamman ga dattawa da waɗanda suka wuce mako biyu suna sha.